Lawwali Mai Caji da Gaisuwar da Ya Yanke

In ka shiga kasuwar Sabon Birni ta wajen masu gyaran babur ka tambayi Lawwali, za a ce maka wane Lawwali, don sun kai goma. Ka ce mai caji. Nan take za a nuna maka wata rumfar kwano mai farantan sola biyu a bisa, wayoyi jere kan katako, kowace da lambarta a manne. Mai rumfar dogo ne siriri, ga tsagen Gobirawa a kumatu, ga baki kamar rediyo. Shekararsa talatin da shida. Ba malami ba ne, ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ko takardar difloma ba shi da ita. Amma wallahi in ana lissafa mutanen da suka yi wa karatun yaran ƙasar nan aiki, duk wanda ya tsallake shi za mu yi rigima da shi.

Farkon abin ba daɗin ji. Shekarar da ya gama sakandare, shi ne kan gaba a Lissafi a ajinsu, burinsa kuwa injiniyan lantarki. Tun yana ƙarami yake kwance rediyon babansa, ya sha bulala a kai har ya saba. Ya tafi Sakkwato cike takardar jarrabawar shiga jami'a a wani shago mai kwamfuta. Layi ya yi tsawo, mai shagon ya gaji, sai ya danna masa darussa huɗun da ya danna wa na gabansa: Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Babu Lissafi. Lawwali ya karɓi takarda ya yi godiya har da durƙusawa. Ya ci jarrabawa da maki mai kyau, ya zauna jiran sunansa, shiru. Sai bayan komai ya wuce wani ya duba takardar ya ce masa, ai ba a ɗaukar injiniya ba Lissafi. Shekarar da ta biyo babansa ya kwanta ciwo, gona ta dawo kansa, zancen karatu ya mutu a nan.

Da ya ɗan samu kansa ya kafa rumfar caji, ya haɗa da turi. Mutanen ƙauye su zo da memori, ɗan katin nan da ake sa wa waya, a tura musu wa'azi, ko waƙa, ko fim. A gefen rumfar yayarsa Habi ke tuyar awara, mace mai bakin da ba ya raga wa kowa, balle ƙanenta.

Wata rana 'yan ajin ƙarshe na sakandare suka zo karɓar wayoyinsu, suna ta nuna wa juna takardun da za su kai wajen rajista. Lawwali ya ce a ba shi ya gani. Takarda goma sha huɗu ya duba. Goma sha ɗaya sun rubuta likita. Biyu lauya. Ɗaya kuwa bai ma san abin da aka rubuta masa ba, abokinsa ya cike masa. Cikin likitocin nan akwai wanda rabonsa da Kemistiri tun aji huɗu. Lawwali ya ji kamar shi ne a layin nan na Sakkwato.

"Ku duka likita?" ya ce. "To wa za ya zama marar lahiyan?"

Suka fashe da dariya. Wani a cikinsu ya ce, "Yaya Lawwali, to mi za mu sa? Mu dai likita munka sani, sai malami, sai soja."

Maganar nan ta hana shi sukuni. Yaran ba su da laifi, ba wawaye ba ne. Sun tashi sun ga noman gero da dawa, sun ga fataucin Nijar, sun ga mai farar riga a asibiti, shi ke nan duniyar aiki a wajensu.

Gwajinsa na farko ya watse. Ya sauko da bidiyoyi daga intanet, wasu 'yan birni sanye da kwat suna zuba Turanci kan zaɓen sana'a, ya tara yara bayan la'asar ya kunna musu. Kafin minti goma rabi sun sulale, sauran suna kallon kaskon awara. Habi ta ce, "Injiniya, ɗalibanka sun tsere. In ba su awara su dawo?" Abin ya shige shi.

Sai ya canza hanya. Ya fara farautar 'yan ƙasar Gobir da suka yi karatu suke aiki a wasu wurare. Wannan ya ba shi lambar wancan, wancan ya haɗa shi da wani. Roƙonsa ɗaya ne: ka ɗauki muryarka ta WhatsApp, da Hausar gida, ka faɗi abin da kake yi daga safe zuwa tashi, darussan da ake nema a sakandare, huɗun da za a rubuta a jarrabawa, inda ake koyarwa, kuma kada ka ɓoye wahalar. Abdulgani na Isa, mai gano inda ruwa yake kafin a haƙa rijiyar burtsatse, shi ya fara aikowa. Sai Amiru mai ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Sai mai awon filaye, mai gwajin jini, mai binciken irin shuka. Lokacin da aka rufe sabis a ƙasar nan watanni, Lawwali ya riƙa hawa babur zuwa wajen Burkusuma, bakin iyaka, da layin wayar Nijar a aljihu, ya tsaya inda yake kamawa ya sauko da saƙonni, ya juyo da rana tsaka. Habi ta yi faɗa har ta gaji, don kowa ya san yadda hanya ta koma.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta rabo. Duk wanda ya kawo memori, ko waƙa ya zo nema, sai Lawwali ya saka masa muryoyin nan a sama, ya sa musu suna "Ji wanga kahin waƙa". Daga nan bulutut ya ɗauka. Waya ta ba waya, har Bafarawa, har Isa, har ƙauyukan da shi kansa bai taɓa takawa ba. Cikin shekara uku ya tara murya sittin da wani abu. Malamai suka fara turo masa ɗalibai, shugaban wata makaranta ya kira shi ya zo da lasifika. Yaro ya zauna a benci, Lawwali ya tambaye shi abin da yake ci a aji da abin da ransa ke so, ya kunna masa murya biyu ko uku, sannan su buɗe jerin kwasa-kwasai a kwamfuta su duba darussa huɗun tare, sau biyu.

To amma akwai abin da ke ba shi haushi. Bagobiri ba ya fara magana sai ya gaisa. Ka ce mutum ya faɗi aikinsa, sai ya yi sallama, ya gaida manya, ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya faɗi ɗan wane ne shi jikan wane, ya yi wa mamata addu'a. Minti uku, minti huɗu! Yara kuwa ba haƙuri, memori kuma ba wuri. Lawwali ya samo wata manhaja mai yanke murya. Ya ja yatsa ya tsallake, da ya ji an ce "aikina", sai ya datse duk abin da ke gaba. Bai ma tsayawa sauraron abin da yake zubarwa. Har yabon kansa yake, wai ya kawo tsari.

A shekarar da nake ba ku labari, cikin 'yan ajin ƙarshe akwai Hadiyya, ɗiyar Malam Ɗanmusa na Kurawa, manomi mai 'yan shanunsa. Tana zaune wajen gwaggonta a Sabon Birni saboda makaranta. Yarinya ce marar hayaniya, amma a Bayoloji da Kemistiri ba mai shan gabanta, maza da mata. Ita da ƙawayenta suka zo rumfar, Lawwali ya kunna musu muryar wata Dakta Maimunatu, likitar dabbobi da ke aiki a Sakkwato. Matar ta faɗi yadda ake gane ciwon huhu a saniya tun daga numfashi, yadda ake rigakafi, yadda ta taɓa juya maraƙi a cikin uwarsa da hannunta. Hadiyya ta ce a maimaita. Aka maimaita. Sannan ta ce a hankali, "Bara shanunmu huɗu sunka mutu, haka sunka riƙa numfashi. Yaya Lawwali, wanga nike so."

Suka duba darussa, duk tana da su. Saura yardar uba. Malam Ɗanmusa bai hana karatu ba, shi ya sa ta makaranta da kansa. Amma saƙon da ya aiko shi ne a rubuta mata malanta, don ita ya sani, ita ya ga mata na yi. Likitar shanu kuma mace? Bai taɓa ji ba, kuma ba ya sa ɗiyarsa a abin da bai taɓa ji ba. Motar da za ta kai ɗalibai rajista Sakkwato saura kwana uku ta tashi, abin da aka danna a can kuwa shi yarinya za ta zauna ta rubuta. Hadiyya ba ta yi gardama ba. Ta zo ta miƙa wa Lawwali takardar ta ce ya gyara yadda Baba ya ce, idonta ya yi ja.

Lawwali ya ce ta bar takardar nan tukuna. Washegari da hantsi ya bar wa Habi rumfa ya hau babur sai Kurawa.

Malam Ɗanmusa ya karɓe shi a zaure, aka kawo ruwa, aka gaisa gaisuwa mai tsawo. Lawwali ya faɗi abin da ya kawo shi, ya ce, "Baba, kada ka ji daga bakina. Ga mai aikin da kanta." Ya danna waya ya ajiye kan tabarma. Muryar mace ta fito tsaye: "Aikina shi na duba lahiyad dabbobi. Da sahe nikan fara da..."

Tsohon ya ɗaga hannu. "Tsaida ta."

Lawwali ya tsayar.

"Wagga ba ta sallama? Ba ta gaisuwa? Ta shigo mini zaure sai aikina, aikina?" Ya dubi wayar, ya dubi Lawwali. "Ɗiyar wa ta?"

Nan fa ido ya raina fata. Lawwali bai taɓa tambaya ba. Ta hannun Amiru ya samu lambarta, abin da ya sani kawai 'yar ƙasar Isa ce. Ya ce, "Baba, 'yar Isa ta."

"Isa gari na, ba uba ba. Kai da kanka ba ka san gidansu ba, kana so in ɗauki ɗiyata in aza bisa hanyarta? In karatun wanga aiki shi ka sa mace ta yi ma manya magana ba gaisuwa, na gode. A rubuta malanta."

Lawwali ya so ya ce ai ta gaisa, shi ya yanke. Ya faɗa ma, amma ko a kunnensa maganar ta yi kama da ta mai neman mafita. Tsohon ya yi murmushi kawai ya ce a gaida mutanen Sabon Birni. Lawwali ya gwada kiran matar, sabis ko ɗigo babu. Ya hau babur ya juyo, kunya na cin sa tun daga ƙofar zauren har kasuwa. Ba tsohon ne ya ɓata abin ba, shi ne, da yatsarsa. Ya tsani mai shagon Sakkwato shekara goma sha takwas saboda gaggawa, ga shi yau gaggawarsa za ta ci yarinyar mutane.

Da isarsa ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa, inda asalin saƙonnin suke, yana addu'ar Allah ya sa bai goge ba. Yana nan. Minti goma sha ɗaya, ba bakwai ɗin da ya bari ba. Ya sa a kunne ya saurara tun daga sallama, karo na farko. Habi na kallonsa ta ga ya dafe kai.

"Lahiya, Injiniya?"

"Yaya Habi, ni dai jaki na."

"Wanga tsohon labari na. Mi ya faru sabo?"

La'asar ta riga ta wuce, kuma ba mai hankalin da ke kama hanyar daji a wannan lokacin. Dole ya jira gari ya waye. Ya koma Kurawa da sassafe, aka ce Malam ya tafi kasuwar Bafarawa da ɗan bijimi. Saura kwana ɗaya mota ta tashi. Ya ƙara mai, ya bi hanyar daji, rairayi na kama ƙafar babur yana sauka yana turawa, har ya isa rana ta take.

A kara ya same shi, wajen da ake cinikin dabbobi, zaune ƙarƙashin itacen bedi, wato darbejiya, tare da dillalai da wasu Fulani. Lawwali ya durƙusa ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko mutum guda ba. Sannan ya ce, "Baba, jiya na yi ma wata baiwar Allah ƙarya. Ta gaishe ka, ni na yanke gaisuwar don in rage tsawo. Laihina na, ba nata ba. Ka bari ta shigo da ƙahwarta, in ka ji ka ce a'a, ba ni ƙara dawowa."

Tsohon ya ce, "Kunna."

Lawwali ya haɗa wayar da 'yar lasifikarsa. Muryar ta fito a natse: "Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da kakannina, ina kwananku? Ina gajiya?"

"Wa alaikumus salam," in ji Malam Ɗanmusa, kafin ya ankara. "Lahiya lau."

"Ya iyali? Ya muka ji da damana? Ya dabbobi?"

"Alhamdu lillahi," dillalan suka amsa tare, har da Fulanin, kamar tana durƙushe a gabansu.

"Ni ce Maimunatu, ɗiyar marigayi Maliki Dillali na Bafarawa, wanda ka zama bakin kara wajen rijiya. Uwata Ige, daga Kurawa anka ɗauko ta. Wanda duk ya san babana, ina roƙon ya sa shi addu'a."

Kai, ka ga yadda wuri ya hautsine! Wani tsohon dillali ya miƙe tsaye yana tafa hannu. "Maliki! Ɗiyar Maliki ta! Munari, 'yar ƙaramar nan da ka kawo mai tuwo! Ita ta zama dakta?" Wani ya nuna wani gindin itace ya ce a nan Maliki ke shimfiɗa buzunsa. Aka ɗaga hannu aka yi wa mamaci fatiha, Lawwali ya tsayar da murya har aka shafa. Malam Ɗanmusa ya shafa tare da su. Ya san Maliki, Malikin ne ya saya masa saniyarsa ta fari. Ya san Ige ma, gidansu na bayan masallacin unguwarsu.

Aka ci gaba. Ta faɗi aikinta, kuma wannan karon ba wanda ya ɗaga hannu. Da ta zo kan ciwon huhu, wani Bafulatani ya matso ya ce a maida baya ya sake ji. Mutane suka ƙaru, masu ciniki suka bar ciniki. Lawwali na tsugune riƙe da lasifika, ransa fes. Wannan ɗiyar ƙasarsu ce, a kasuwar ubanta, manya sun yi tsit suna ɗaukar karatu daga bakinta. Shi ya kawo ta, kuma bai ji kunyar jin daɗin hakan ba.

Muryar ta ƙare da addu'a, aka ce amin. Lawwali bai yi tambaya ba. Ya riga ya yi alkawari, in an ce a'a ya tashi.

Malam Ɗanmusa ya gyara zama. Ya ce, "Yaro, abin ga naka, yana kai magana ko kawowa kaɗai yake?"

"Yana kaiwa, Baba."

"To riƙe mini. An gaishe ni, ban maida ba."

Lawwali ya danna ya kara wayar kusa da bakinsa. Tsohon ya yi gyaran murya, ya yi sallama, ya tambayi lafiyarta, da maigidanta, da yara, da aiki, da zafin Sakkwato. Ya faɗi sunansa da na ubansa. Ya yi wa Maliki addu'a, ya ba da labarin saniyar nan, har launinta. Lawwali na ganin mintuna na tafiya, huɗu, biyar, bai motsa ba. Sai can muryar tsohon ta sauka ƙasa.

"Maimunatu, ina da ɗiya, Hadiyya sunanta. Ta ji maganarki ta ce aikinki take so. Ni ban san hanyar ba, ke kin sani. Gobe za ta shigo Sakkwato wajen rubuta suna. Na ba ki amanarta, ki duba min ita kamar yadda babanki ya duba ni. Wassalam."

Ya ɗago ya dubi Lawwali. "Ta ji?"

Lawwali ya ce, "Ba ta ji ba tukuna, Baba. Nan ba sabis. Sai na hau tudun can na bakin gari."

"To mi kake jira?" in ji Malam Ɗanmusa. "Tashi ka hau."